Makilin ne ke murɗa mini ciki? Amsa ga wata malama mai fama da IBS

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce, shekarata 34. Shekara biyu ke nan likita ya ce ina da IBS, bayan an yi ta gwaje-gwaje ba a ga komai ba. Cikina yakan kumbura ya yi ta ƙugi, wani lokaci zawo, wani lokaci in kwana uku ban zaga ba. Na lura kusan kullum ina gama goge baki da safe sai cikina ya murɗa, in ruga banɗaki. Wata ƙawata ta turo mini rubutu a WhatsApp cewa akwai sorbitol a makilin, shi ke jawo haka, wai har sabulu da man shafawa da jan baki suna da hannu. Yau sati uku ke nan na bar makilin da buroshi, gawayi da gishiri nake sa wa a yatsa, amma dasashina ya fara jini. Don Allah wane makilin ya dace da ni, kuma waɗanne kayan shafa zan guje wa?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ce.

In na fahimce ki, abu biyu kike son sani. Na farko, ko abin da ke cikin makilin zai iya tayar da hanjin mai IBS, wato ciwon nan na murɗawar ciki da rikicewar bayan gida wanda gwaji ba ya nuna wani rauni a hanji. Na biyu, ko abin da ake shafawa a fata zai iya kaiwa ga hanji. Ni mai harhaɗa magunguna ne, na daɗe a bayan kanta ina karanta abin da aka rubuta a jikin kwali, don haka ta wannan fuskar zan amsa miki. Duba ciki da yanke hukunci a kan cuta aikin likitanki ne, shi ya gan ki, ni takardarki kawai na gani.

Akwai abu ɗaya da ba ki faɗa ba, kuma shi na fi son ji. Sati uku babu makilin a bakinki, to murɗawar safen ta tafi? Da ta tafi, ina kyautata zaton da shi za ki fara buɗe wasiƙarki. In har tana nan yadda take, kin riga kin yi gwajin da kanki, makilin kuma ya fita daga zargi.

Abin da ya sa ake zargin sorbitol

Ƙawarki ba ƙarya ta yi ba, akwai sorbitol a yawancin makilin da ke kasuwa. Ki juya kwalin, sau da yawa shi ne na farko ko na biyu a jerin sinadaran, kuma ƙa'idar jerin ita ce wanda ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Ana sa shi ne don kada man ya bushe a cikin robarsa, yana kuma ba da ɗan zaƙi wanda ba ya ruɓar da haƙori. A irin makilin ɗin nan mai sheƙi, ja ko shuɗi ko kore wanda ake gani ta cikinsa, yakan kai rabin nauyin man ko ya wuce.

Haka nan gaskiya ne sorbitol yana damun masu IBS. Shi da 'yan'uwansa, mannitol da xylitol da maltitol, ƙaramin hanji ba ya iya tsotse su duka. Abin da ya rage yana janyo ruwa zuwa cikin hanji, in ya gangara babban hanji kuma ƙwayoyin da ke zaune a can su yi ta cin sa suna fitar da iska. Ruwa da iska su ne zawo da kumburi. Mai lafiyayyen ciki ma hakan na faruwa da shi, sai dai shi yakan yi tusa ya wuce abinsa. Mai IBS kuwa jijiyoyin hanjinsa sun fi na kowa saurin ji, buɗewar da wani ba zai lura da ita ba, shi ciwo ce a gare shi. A kan wannan aka gina tsarin cin abincin nan na rage FODMAP, wato dangogin sukarin da hanji ba ya tsotsewa sosai, tsarin da Peter Gibson da Sue Shepherd suka fara bayyanawa a 2005, Jami'ar Monash ta Ostireliya kuma ta ci gaba da auna abinci a kansa. Harafin P na ƙarshen sunan, dangin sorbitol ɗin nan yake nufi.

Inda rubutun ƙawarki ya kauce shi ne awo. Bari mu yi lissafi, tunda ke malama ce. Makilin daidai ƙwayar wake, wanda shi ne abin da babba ke buƙata, nauyinsa kusan giram 0.25 ne. Mu ƙaddara kashi 60 cikin ɗari na wannan sorbitol ne, ya zama giram 0.15 ke nan a kan buroshi. Tofarwa kike yi. Mu ce duk da haka kashi ɗaya cikin goma ya zarce maƙogwaro, kin haɗiye giram 0.015. Ma'aunin da masu binciken Monash suke amfani da shi, abinci yana cikin "mai ƙarancin sorbitol" matuƙar bai wuce giram 0.2 a ci ɗaya ba. Wato ko da kin haɗiye makilin ɗin gaba ɗaya, ba ki kai wannan iyaka ba. In kuma irin na talla kike matsawa, a shimfiɗa shi tun daga kan buroshi har gindinsa, wannan yakan kai giram ɗaya, kashi ɗaya cikin goma na sorbitol ɗinsa giram 0.06 ne, har yanzu da sauran tafiya.

A binciken da aka yi wa manya masu lafiya tun shekarun 1980, giram 5 na sorbitol ya fara ƙara iska a hanji, giram 10 ya kawo kumburi ga da yawa, giram 20 ya kawo murɗa da zawo. Mai IBS zai iya jin abin a ƙasa da haka, na yarda. Amma tsakanin giram 5 da giram 0.015 akwai ninki fiye da ɗari uku.

To me ya sa sai bayan goge baki?

Saboda safiya ce. Babban hanji yakan lafa da dare, da zarar mutum ya farka ya miƙe sai ya fara turawa da ƙarfi, in aka sa wani abu a ciki, ko shayi ne ko koko, sai ya ƙara himma. Kowa haka yake, shi ya sa layin banɗaki ya fi tsawo da safe a kowane gida. A mai IBS wannan turawar takan zo da ƙarfi fiye da kima. Ke kuma a daidai wannan lokaci kike tsaye da buroshi, ga hanzarin shirya yara, ga tunanin kada ki makara a makaranta, tashin hankali kuwa kai tsaye yake magana da hanji. Ki lura da goge bakin dare. In makilin ne, ai shi ɗin ne dai da daddare, ya kamata cikin ya murɗa a lokacin ma. Ki kuma kwatanta safiyar Litinin da ta Asabar.

Akwai wani abu kuma da na sha gani. Mutanenmu da yawa suna tura buroshi can ƙuryar harshe har sai sun yi kakari, wasu ma sun ɗauka in ba a yi kakarin ba baki bai fita ba. In kina wucewa ta bayan katangar gidaje da asuba za ki ji. Wannan yunƙurin aman yana matse ciki, yana sa a haɗiye iska, ga mai saurin tashin zuciya kuma ya isa ya ɓata masa safiya. A goge harshe a hankali daga tsakiya zuwa gaba, ya wadatar.

Sauran abin da ke cikin makilin

Wanda aka fi ambata bayan sorbitol shi ne sodium lauryl sulfate, ana taƙaita shi SLS. Shi ne mai kumfa, dangin sabulu ne, yawansa a makilin bai cika wuce kashi 2 cikin ɗari ba. Inda aka same shi da laifi a baki ne: wani ƙaramin bincike a Norway a 1994, da wasu da suka biyo baya, sun nuna masu yawan fitar ƙananan gyambunan nan farare masu zafi a cikin leɓe da gefen harshe sukan samu sauƙi in suka koma makilin da babu shi. In kina cikinsu, canjin yana da amfani. Wasu nau'o'in Sensodyne babu SLS a cikinsu, wasu akwai, don haka kwalin za ki karanta, sunan kaɗai bai isa ba. Amma ki riƙe wannan: gyambon baki da ke yawan dawowa tare da zawon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, magana ce ta kai wa likita, domin cutar kumburin hanji da ake kira Crohn da cutar rashin jituwa da alkama duk sukan zo da wannan kama, kuma sukan ɓuya a ƙarƙashin sunan IBS.

Sai na'ana'a, wato sanyin nan na minti. Abin mamaki, man na'ana'a magani ne da ake ba masu IBS, a cikin kafso mai rufi na musamman wanda ba ya narkewa sai ya wuce tumbi, yana sassauta murɗawar hanji. Illarsa ita ce yana sassauta ƙofar da ke tsakanin maƙoshi da tumbi, sai ƙwannafi ya taso. Ɗan abin da ke makilin bai kai na kafso ko kusa ba, amma na ga masu ƙwannafi da suka ce minti mai ƙarfi yana tayar musu da zuciya, suka koma mai sanyin ɗanɗano suka ji daɗi. Wannan ban musa wa kowa ba, canji ne da ba ya cin komai.

Za ki kuma ci karo da carrageenan a wasu, ana samo shi daga jan ciyawar teku don ya ba man kauri, da titanium dioxide mai sa shi fari, wanda ake rubutawa CI 77891. Tarayyar Turai ta hana sa titanium dioxide a abinci tun 2022, shi ya sa sunansa ke yawo a intanet. Muhawarar da ake yi a kan su biyun ta abin da ake ci ne kullum a haɗiye. In hankalinki bai kwanta da su ba, akwai makilin da yawa da babu su, ki zaɓi ɗaya. Ni dai ba zan sa ki ƙara kuɗin mota ki shiga gari neman sa ba.

Abin da ba zan yarda ki bari ba shi ne fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa. A kwali za ki ga sodium fluoride ko sodium monofluorophosphate, da lamba tsakanin 1000 zuwa 1500 ppm, galibi 1450. Shi ne ainihin maganin da ke cikin makilin, saura duk 'yan rakiya ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa makilin mai fuloraid cikin jerin muhimman magungunanta. Gaskiya ne in yaro ya zauna ya shanye rabin roba cikinsa zai ɓaci, har ya yi amai, shi ya sa ake ɗauke shi daga inda hannun yara zai kai. Babba mai tofarwa ba ya cikin wannan. Da yawa daga cikin makilin da ake tallatawa da sunan "na gargajiya" ko "na ganye zalla", in kin duba za ki tarar an cire fuloraid an bar sorbitol ɗin yana nan daram a layin farko. Kin biya kuɗi an cire miki mai amfanin, an bar wanda kike gudu.

Kuma mai ciwon ciki ya fi kowa buƙatar kare haƙoransa. Mai ƙwannafi ruwan tsamin tumbi yana taso masa baki. Wasu magungunan murɗa irin su Buscopan, da amitriptyline da likitoci kan ba masu IBS kaɗan-kaɗan da dare, suna busar da yawu, yawu kuwa shi ne mai wanke haƙori. Ga tsotsar alawa don kashe tashin zuciya. In haƙori ya yi kogo ya kumbura, abin da za a ba ki shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta da su ibuprofen ko diclofenac, waɗanda ke cikin manyan masu hargitsa cikin mai IBS. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan.

Gawayi da gishirin nan ki ajiye su yau. Dakakken gawayi yana kankare fatar haƙori, ita kuwa in ta tafi ba ta dawowa, gishiri mai tsakuwa kuma yana yanka dasashi. Yatsa ba ya shiga tsakanin haƙora, dattin da ya taru a gindinsu sati uku shi ma ya isa ya sa jini. Ki koma buroshi mai laushi, sau biyu a rana, minti biyu-biyu. Jinin zai iya ci gaba na 'yan kwanaki, kada ya sa ki daina. In ya wuce sati biyu, ki ga likitan haƙori ya wanke miki. Asuwaki kuwa ban da ja da shi, ko na arak da alhazai ke kawowa ko na darbejiya, yana cire datti sosai in an iya riƙe shi, ga lada. Ki riƙa yin sa da rana, makilin safe da dare. Sai dai ɗacin darbejiya a tofar da shi, kada a haɗiye da sunan wankin ciki.

Dabarar da nake ba mutane a kanta ita ce: ki goge baki kamar kina azumi. Kowa ya san yadda yake yi a watan Ramadan, ɗan kaɗan a kan buroshi, kai a sunkuye, a tofar sau da yawa, ba a bari komai ya kusanci maƙogwaro. Likitocin haƙori sun fi son a tofar kawai kada a kurkure, don fuloraid ya zauna a kan haƙori. In zuciyarki ba za ta natsu da haka ba, ki kurkure da ruwa kaɗan, kurɓi ɗaya, sau ɗaya. In kuma duk da lissafin nan kina son wanda babu sorbitol, ki nemi wanda glycerin ne a farkon jerinsa, shi hanji yana tsotse shi lafiya lau. Ruwan kurkure baki na kwalba ba dole ba ne, in kina so ki ɗauki wanda babu giya a ciki don kada ya ƙara busar miki da baki.

An bar jaki ana dukan taiki

Wannan shi ne sashen da na fi so ki karanta da kyau. A cikin masu zuwa mini da irin kokenki, in muka zauna muka bi abin da ke shiga bakinsu daga safe zuwa dare, sorbitol ɗin yakan fito, amma daga wata ƙofa.

Cingam shi ne na gaba. Kusan duk wanda aka rubuta wa "sugar free", da sorbitol ko xylitol ko maltitol aka maye gurbin sukarin, kuma wannan haɗiye shi ake yi gaba ɗaya tare da yawu. Sanda ɗaya takan ɗauki kusan giram 1.25, wato daidai da goge baki fiye da sau tamanin a lissafinmu na ɗazu. A 2008 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta buga labarin marasa lafiya biyu daga wani asibiti a Berlin. Wata budurwa 'yar shekara 21 ta yi watanni tana zawo, ta rame da kilo 11, an yi ta bincike ba a ga komai ba, ashe cingam take tauna abin da ya kai giram 18 zuwa 20 na sorbitol a rana. Ɗayan magidanci ne mai shekara 46, shi kilo 22 ya zubar. Da suka daina, zawon ya tsaya. Ni ma na taɓa samun wani direban doguwar tafiya da ya bar goro saboda hawan jini, ya koma cingam don kada barci ya ɗauke shi a hanya. Ya sha Flagyl har ya gaji, ana ta ce masa atini ne. Fakiti biyu yake tauna kafin ya kai Legas. Ban ba shi ko ƙwaya ɗaya ba, cewa na yi ya bar cingam kwana goma ya dawo, da ya dawo kuwa da fara'arsa. Ban da sorbitol ma, tauna cingam kanta tana sa a haɗiye iska. Malamai mata da yawa suna riƙe shi a jaka saboda yawan magana a aji, ki duba taki jakar.

Na biyu magungunan ruwa. Maganin tari, na ƙarin jini, na buɗe ciki don cin abinci, da bitamin C na tsotsa, da yawansu da sorbitol ake zaƙaƙa su, musamman waɗanda aka ce an yi don masu ciwon suga. Cokali biyu sau uku a rana zai iya tara giram da dama. Sai farin maganin nan na olsa da kowa ke kurɓa daga kwalba, tunda a wurinmu duk ciwon da ke tsakanin ƙirji da mara olsa ne. Mai magnesium yana saki ciki, mai aluminium yana ɗaure shi. Ke da kike tsakanin zawo da taurin bayan gida, wannan kaɗai zai iya riƙa jefa ki daga wannan gefe zuwa wancan. Ƙwayar ƙarin jini tana ɗaure ciki ta baƙanta bayan gida, metformin na masu suga yana kawo zawo, tramadol da kodin suna ɗaurewa tamau. Kada ki daina abin da likita ya rubuta miki da kanki, ki tattara su duka a leda ki kai masa ko ki kai wa mai harhaɗa magunguna ya duba.

Na uku, wanda mata ba su cika faɗa ba sai an tambaya: shayin rage tumbi, da jiƙe-jiƙen basir da na sanyi da na dattin ciki, da wasu haɗe-haɗen gyaran jiki da ake sha. Da yawansu filasko ne a ciki, wanda a kwali ake rubuta senna, ko ruwan ɗacin aloe. Waɗannan tsokanar hanji suke yi ya murɗa ya fitar, mai sha kuma ya ga zawo ya ce magani yana aiki, datti na fita. Bayan kwana biyu ciki ya ɗaure, a sake sha. In ana shan shayin da daddare, aikinsa yakan fara bayan awa shida zuwa goma sha biyu, wato daidai lokacin da ake tsaye da buroshi da safe.

Abinci kuwa babi ne mai zaman kansa, a taƙaice zan taɓa shi. Albasa da tafarnuwa, wake da duk 'ya'yansa, ƙosai da alale, alkama a burodi da taliya da gurasa, madara, zuma, mangwaro, kankana, tuffa, waɗannan su ne manyan masu ɗauke da FODMAP a kwanonmu. Albasar da ke cikin miya ɗaya ta fi makilin shekara guda tasiri a hanjinki. Tsarin ba na haramta su har abada ba ne, ana janye su sati biyu zuwa shida, sannan a riƙa dawo da su ɗaya-ɗaya a ga wanne ne mai laifin. Ya fi kyau a yi shi da masanin abinci na asibiti, don kada a wayi gari daga ke sai farar shinkafa.

Sabulu, man shafawa da jan baki

A nan amsar gajeriya ce. Sorbitol da danginsa sai sun shiga cikin hanji suke aiki, ba sa ratsa fata su je can. Sabulun wanka, man shafawa, man kitso, shamfu, lalle, hoda, babu wanda zai kumbura miki ciki, ko da an rubuta sorbitol ko alkama a jikinsa. Ki ci gaba da man kaɗanyarki da sabulun salonki. Jan baki da man leɓe ana lasar kaɗan, amma abin da ake lasa a yini bai kai a auna shi da cokali ba.

Ƙamshi daban ne. Wasu masu IBS, musamman masu ciwon ɓarin kai, turare mai ƙarfi yana tayar musu da zuciya, ko humra ce ko turaren wuta a rufaffen ɗaki. Ta hanci da ƙwaƙwalwa abin yake bi. In kin lura da haka a kanki, ki rage, ki buɗe taga, ba sai an kawo miki hujja daga littafi ba.

Man bilicin shi ne wanda zan ce a guje wa, ko da IBS ko babu. Yawancinsu suna ɗauke da clobetasol ko hydroquinone, wasu ma da sinadarin mercury, su kuwa waɗannan suna ratsa fata su shiga jini in ana shafa su a jiki duka wata da watanni. Haɗin da ake sayarwa a roba babu suna babu lambar NAFDAC, babu mai iya gaya miki abin da ke ciki.

Inda zaɓen kayan tsafta ya shafi mai IBS kai tsaye shi ne wurin tsarki, kuma shi ne ba a tambaya saboda kunya. Wanda ya zaga sau biyar a yini, wurin yakan yi ja, ya yi zafi da ƙaiƙayi. Mu alhamdu lillahi da ruwa muke tsarki, buta ta fi duk wata takarda. Ɓarnar tana zuwa ne daga ƙari: a ɗiga Dettol a ruwan tsarki, a dirje da sabulu mai ƙamshi ko soso, a goge da jiƙaƙƙiyar takardar nan ta jarirai mai turare. Wasu daga cikin takardun suna da methylisothiazolinone, sanannen mai jawo borin fata. Ruwa zalla ya isa, mai ɗumi in da hali, sai a tsane wurin da tsumma mai laushi ba tare da gurzawa ba, domin barin danshi shi ma yana kawo ƙaiƙayi. Sannan a shafa basilin ko man zinc oxide, irin na kunzugun jarirai, ya tsare fatar. Man basir mai steroid kada ya wuce kwana bakwai sai da izinin likita, yana sirantar da fatar wurin. Haka audugar al'ada, ki ɗauki marar turare. Kada ki yi mamaki in cikin ya fi damunki a kwanakin al'ada, mata masu IBS da yawa haka suke, sinadaran da ke matse mahaifa suna taɓa hanji ma.

Yadda za ki gane da kanki

Ki samu littafi irin na ɗalibanki, ki riƙa rubuta abin da kika ci, abin da kika sha na magani ko na gargajiya, lokacin da kika zaga da yadda ya fito, da ranakun al'ada. Ki dawo da makilin mai fuloraid daga yau, ki yi sati biyu ba ki canza komai ba. Daga nan ki cire abu ɗaya tak, ni da cingam da shaye-shayen gargajiya zan fara in akwai su, ki ba shi sati biyu. IBS ciwo ne mai tafiya ya dawo don kansa, wanda ya canza abu biyar rana ɗaya ya ji sauƙi ba zai san wanne ya yi aiki ba, sai ya dawwama yana tsoron duka biyar ɗin. Na ga waɗanda suka bi wannan hanya har abincinsu ya koma kala uku, tsoron kuma ya zame musu ciwo na biyu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake, ban ga laifinki ba. In kin gwada safiya ba makilin da safiya da makilin, sau da yawa, kika ga bambanci a fili a littafinki, to ki canza zuwa mai glycerin marar SLS mai sanyin minti, kin huta.

Akwai alamomin da ba a jira a gama cika littafi a kansu. Jini a bayan gida ko bayan gida baƙi kamar kwalta ba tare da kina shan maganin ƙarin jini ba, rama ba dalili, zazzaɓi mai dawowa, zawon da ke tashe ki daga barci, ƙarancin jini, ko a ce wani na jininki ya taɓa yin sankarar hanji. Waɗannan ba halin IBS ba ne, ki koma asibiti a satin. Ƙa'idar gane IBS ta 2016, wadda likitoci ke kira Rome IV, ta ce sai an samu ciwon ciki aƙalla rana ɗaya a sati cikin wata uku na baya, mai alaƙa da bayan gida, wanda ya faro aƙalla wata shida da suka wuce, amma a ƙasarmu sai an kore ƙwayoyin cutar amiba da giardia da tsutsar ciki, wani lokaci har da tarin fuka na hanji, kafin a natsu da wannan suna. Tunda shekara biyu ke nan da gwajinki, in yanayin ciwon ya sauya daga yadda kika san shi, babu laifi a sake duba bayan gida da jini. Ranar da za ki je, ki tafi da littafin da ledar magungunan, har da kwalin shayin in akwai, ki kuma nuna wa likitan dasashin naki.